Shekarar da Babanku Ya Ja Gogen Sinawa

Na daɗe ina jin yadda kuke ba da labarin hawashar kakanku, wato gonarsa ta ban ruwa, na kuma daɗe ina yin shiru. A wurinku Baffanku Sani ne ya zagaya ya karɓe gonar da ta kamata ta zama ta babanku, shi ya sa kuka tashi a gidan haya a Sinja, 'ya'yansa kuma suka tashi a kan ƙasa mai ruwa. Ba haka aka yi ba. Ina wurin, da bakina a ciki. Tunda yanzu kun warwatsu, wani a Gadarif, wani a Bur Sudan, kuma ba na sa ran za mu sake haɗuwa a tsakar gida ɗaya ina da rai, na sa jikata Nafisa ta zauna ta rubuta, in ta gama ta aika wa kowa.

Lokacin da aka kawo ni gidansu babanku, a hillarmu, wato ƙauyenmu na kusa da Hajj Abdalla, na tarar da mutum mai kirki wanda ba ya dariya. Bai taɓa ɗaga min murya ba, bai taɓa barina da yunwa ba. Da asuba yana gona yana buɗe wa auduga ruwa, da yamma yana gasa agashe, wato tsire, a bakin hanya. Amma in ya dawo sai ya zauna a kan angarib, gadonmu na igiya, ya zuba wa bango ido, yatsunsa na hagu suna ta motsi a kan gwiwarsa kamar yana taɓa wani abin da ni ba na gani. Sai da na haihu biyu sannan Iya, mahaifiyarsa, ta gaya min dalili. Yana yaro an kai shi riƙo wurin ƙaninta a Rusairis, shi kuwa ƙanin nata mai goge ne. Can ya koyi ja, har aka fara cewa zai fi kawun nasa. Da labari ya iso wa Baba, wato kakanku, da kansa ya je ya ɗauko shi. Mahaifin Baba ma mai goge ne a can yamma, ƙasar Hausa, yana yi wa 'yan bori kiɗa. Ranar da ya ɗaura niyyar tafiya gabas don aikin hajji ya fasa gogensa a gaban iyalinsa, ya ce zuriyarsa ta rabu da shi ke nan. Baba yana ƙarami ya ga wannan, kuma ya riƙe shi kamar wasiyya.

A shekarar da nake ba ku labari Sinawa suka zo aikin hanya da wata gada, suka kafa kambonsu, wato sansaninsu, nesa kaɗan da hilla, bayan babbar tur'a mai kai ruwa gonaki. Da farko tsoronsu muke ji. Sai muka ga mutane ne masu aiki kamar ba sa gajiya, suna shuka ganyayensu a bayan ɗakuna, suna gaishe mu da Larabcin da suka tsinta. Leburori na taruwa a ƙofar kambon da yamma, don haka babanku ya mai da teburin agashensa can. Ni nake daka masa yaji da ƙuli-ƙuli, in kai masa bayan la'asar, da goyo a bayana.

A nan na fara jin kiɗansu. In sun tashi daga aiki sai wasu su wanke hannu su taru a ƙarƙashin wata rumfa, kowa da abin kiɗansa, su zauna sahu-sahu kamar za a yi karatu. Ta shingen waya ana ganin komai. Akwai masu sarewar gora, wadda suke liƙa wa wani tantani marar kauri kamar fatar albasa don muryarta ta riƙa rawa, da ruwan tafarnuwa suke liƙa shi, a wurina ma suka riƙa sayen tafarnuwar. Akwai mai wani abu kamar babbar garaya da yake tsayarwa a cinya yana yaƙushinta da farata. Akwai mai busa wani tarin karare da aka ɗaure wuri ɗaya, in ya hura sai ka ji kamar mutum uku ne ke busa. Akwai algaita sak irin tamu, da ganguna, da farantan tagulla. Mace ɗaya ce a cikinsu, ma'aikaciyar jinyarsu, muna ce mata Sitt Lan, tana zama gaban wani faifan katako mai wayoyi tana bugunsa da tsinkaye biyu, sautinsa kamar ruwan sama a kan kwano. A gaba kuma masu goge ne su huɗu ko biyar. Nasu gogen tsirkiya biyu gare shi, ƙoƙonsa na katako ne an rufe da fatar mesa, a cinya ake ɗora shi a tsaye, bakan kuma yana maƙale tsakanin tsirkiyoyin, ba ya fita. Arhu suke ce masa. Shugabansu wani dattijo ne mai walda, Usta Liyu, gajere mai furfura, da tabon wuta a hannuwansa. Shi ba ya kiɗa komai sai wani ɗan katako da yake ƙwanƙwasawa, amma in ya ɗaga gira duk sai su ɗauke wuta.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne ba wanda suke yi wa. Ba mai biki, ba mai kuɗi a zaune, ba a kiran sunan kowa. Su kaɗai suke abinsu, su yi, su tsaya, su koma farko.

Babanku ya ƙona nama a kwanakin nan fiye da duk wanda ya ƙona a rayuwarsa. Yana juya tsinke, kunnensa na rumfa. Ba a daɗe ba ya fara bin kiɗan da fito, ba tare da ya san yana yi ba, yana ƙara masa wasu 'yan lanƙwashe-lanƙwashe irin na gogenmu. Ana haka zazzaɓi ya kwantar da ɗaya daga cikin masu arhu, har aka mai da shi ƙasarsu. Wata yamma sai ga Usta Liyu ya fito ƙofa da arhun mutumin a hannu, tafintansu na biye, wani saurayi mai Larabcin littafi. Ya tsaya ya saurari fiton, sannan ya miƙa wa babanku abin. Babanku ya dube ni, ya dubi hanya ko akwai ɗan hillarmu, ya goge hannu a riga ya karɓa. Ya kwantar da shi a kafaɗa kamar goge, ya yi ta jan bakan yana neman fitar da shi. Leburori suka fashe da dariya, Usta Liyu ma har da riƙe ciki. Ya zaunar da shi a kan buhu, ya tsayar masa da abin a cinya, ya gyara masa yatsu. Ja na farko kamar an taka wutsiyar kyanwa. Na biyu ya ɗan yi dama. Kafin a kira magariba ya fitar da rabin kiɗan da suke koyo, kuma a hanyarmu ta komawa gida na ji dariyar mijina da ƙarfi, abin da ban taɓa ji ba.

Daga ranar ya riƙa barin teburin a hannun wani abokinsa ya shiga rumfa. Kada ku ɗauka abin ya zo masa da sauƙi. Ja bai ba shi wahala ba, zama cikin mutane ne ya ba shi. Mai goge a wurinmu shi ne gaba, masu ƙwarya na binsa, in ya ga dama ya tsawaita, in ya ga dama ya yanke. A can kuwa masu arhu duka baka ɗaya suke ja, a tafi tare a dawo tare, har ka rasa muryar wane ce. Babanku sai daɗi ya kwashe shi ya yi gaba shi kaɗai, Usta Liyu ya ƙwanƙwasa katako, kowa ya tsaya, a koma farko saboda shi. Ga kuma takardar kiɗan, wadda da lambobi suke rubutawa. Inda ake son mutum ya yi shiru sai su zana sifirinsu, 'yar da'ira. Shi kuwa a lissafin Larabci da ya sani, da'ira biyar ce. Don haka duk inda ya kamata ya ɗauke hannu ya bar wa masu sarewa fili, nan yake danna murya ta biyar da iyakar ƙarfinsa. Sun yi kwanaki suna mamakin taurin kansa kafin tafinta ya gano matsalar. Ranar Sitt Lan ta yi dariya har ta yar da tsinkenta. Da ya dawo gida yake ce min:

"Hauwa, ashe shirun ma a rubuce yake. Ba wai ka huta ba ne, kana ciki, kana jin na wani, kana jiran naka."

Ni dai abin da na gani shi ne mutumin ya canza. Ya fara ɗaukar babbarku yana yi mata wasa. Yana ci da yawa. In ina magana sai ya bari in kai ƙarshe, har na tsargu na tambaye shi ko lafiya. Usta Liyu kuma ya san lokacin salla, in ladan ya kira daga hilla sai ya ajiye katakonsa, su sha shayinsu marar sukari har babanku ya idar.

Irin wannan ba ya ɓoyuwa a hilla. Sinawa suna shirin bikin sabuwar shekararsu, wadda ke faɗowa cikin sanyi, daidai lokacin cirar auduga, kuma don bikin suke duk wannan koyo. Suka ƙara lokacin zama, babanku ya riƙa barin gona da wuri. A shekarar kuma Baba ya riga ya gaya wa mutane cewa ƙarfinsa ya ƙare, idanunsa sun fara rauni, da an gama cira zai je wurin mufattish, jami'in da ke kula da gonakin, a mai da hawashar da sunan babban ɗansa. Wata Juma'a bayan an sauko, ya kira babanku da Sani da Iya, ni ma ya ce in zauna. Baba ba mai faɗa ba ne. Ya gama shan jabanarsa, wato gahawa, ya kife finjalin, sannan ya yi magana da irin Hausarsu ta mutanen da.

"Haruna, an ce min kana ja ma Sinawa goge."

"Gaskiya ne, Baba."

"Ubana da hannunai ya fasa nashi, ina tsaye ina kallo. Tafiyar ƙasa da muka yi, da yunwa, da 'yan'uwana da muka bizne bisa hanya, duk don mu rabu da abin ga ne. Ban hana ka ba, kai ba yaro ba ne. Amma ƙasar da na sha wuya a kanta ba ni ba mai goge. Ka zaɓa."

Babanku ya yi ƙoƙarin bayani, cewa wannan ba kiɗan bori ba ne, ba roƙo a ciki, ba mata, ba giya. Baba ya saurare shi har ya gama, ya ce shi tsirkiya da baka ya sani. Sani, wanda a lokacin bai daɗe da aure ba, ya ce shi ba ya so, ba zai karɓi abin wansa ba. Baba ya ce ba a tambaye shi ba. Iya kuwa ta bi mu har ɗaki tana faɗa, rabi da ɗanta rabi da mijinta, tana cewa duk gidan nan kawunansu kamar turmi, kuma laifin ƙaninta ne na Rusairis, Allah ya jiƙansa, da ya lalata mata yaro da daɗin hannu.

Washegari babanku ya mai da arhu. Ya ɗauke teburinsa daga ƙofar kambo ya koma bakin hanya. Ya kama cirar auduga tun safe har duhu, ba ya ɗaga kai. Usta Liyu ya zo hilla da kansa, da tafinta, da ƙunshin ganyen shayi, ya zauna a tabarma a gaban Baba yana ta fama da naɗe ƙafafu. Ya ce su baƙi ne, nesa da iyalinsu, wannan kiɗa shi ne gidansu, kuma Haruna ya zama ɗaya daga cikinsu, in babu shi sahun gaba ya yi giɓi. Baba ya karrama shi, ya sa aka yanka kaza, ya raka shi har bakin tur'a, ya ce a gaya masa shi mutumin kirki ne, amma magana tana nan yadda take.

Babanku ya koma yadda na same shi, har ya fi. Bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Sai dai wannan karon ko yatsun ma sun daina motsi, in ya zauna sai ya dunƙule hannun ya sa a ƙarƙashin cinya. Da yamma in iska ta juyo daga wajen kambo ana jin algaita sama-sama, sai ya tashi ya shiga ɗaki. Na yi ta tunani. Ina da yara biyu da ciki na uku. Na san abin da hawasha take nufi: dawar shekara, rabon auduga, da mutunci a hilla, domin wanda ba shi da ita ɗan ƙwadago ne ko da ya tsufa. Na san kuma irin mijin da zan zauna da shi har mutuwa in aka ci gaba a haka, don na riga na zauna da shi shekaru, na kuma ɗanɗani ɗayan na 'yan watanni.

Ana saura kwanaki kaɗan bikin, muna gona da rana tsaka, na kai masa ruwa a ƙarshen kunya. Ya sha, ya miƙo min kwanon. Ban karɓa ba.

"Malam, ka koma wurin mutanen nan."

Ya dube ni kamar bai gane Hausa ba. Ya ce ko na san abin da nake faɗa, ya nuna cikina, ya nuna gonar.

"Na sani. Hannunka na iya gasa nama a ko'ina, ni ma na iya tuya. Ba za mu mutu da yunwa ba. Amma ba zan iya ci gaba da kallonka haka ba. In don ni da yara ka bari, to ni na yafe."

Ya ajiye kwanon. Sannan ya ce sai ya fara gaya wa Baba, ba zai tafi a ɓoye ba. Ya je ya durƙusa ya faɗa masa da bakinsa. Baba ya ce ya ji, Allah ya shirya. Abin da ba ku sani ba, daga ranar har aka gama cira, Sani ne ya riƙa cire rabon babanku bayan ya gama nasa, shi da matarsa, kuma ko auna ɗaya bai sa a nasa ba.

Ranar bikin Sinawa sun gayyaci hillolin da ke kusa. Sun manna jajayen takardu a ƙofofi, sun share fili, sun jera benci. Sani ya ɗaura jaki a karo, wato amalanke, ya ce in hau. Mun fita hilla ke nan sai ga wata mata a bakin hanya ta lulluɓe da tobi har ido, tana ɗaga hannu. Iya ce. Ta ce wai dubiya za ta je hillar gaba, mu rage mata hanya. Ba ta sauka ba sai a ƙofar kambo.

Sun fito cikin shuɗin kayan aikinsu, wankakku. Babanku kaɗai ne da farar jallabiya da rawani, a sahun gaba, na biyu daga gefe, ya fi kowa tsawo, ya fi kowa duhu. 'Yan hilla suka fara kiran sunansa suna tsokana. Usta Liyu ya ɗaga katako, aka buga farantan tagulla da ganguna gaba ɗaya har yara suka ruga bayan iyayensu, algaita ta tsaga, sai kuma duk aka yi tsit. Daga cikin shirun masu arhu suka taso a hankali, hannuwansu na tafiya tare kamar an ɗaure su da zare ɗaya. Na yi ta neman muryar mijina a ciki ban same ta ba, kuma na gane abin da ake so ke nan. Sarewa ta karɓa, faifan Sitt Lan ya yayyafa, suka dawo. Ba wanda ya ƙara tsokana. Can wajen ƙarshe Usta Liyu ya juya ya nuna babanku da katakon, sauran suka sassauta, suka yi masa shimfiɗa da ƙaramin sauti, shi kuma ya ja wani kiɗan kawunsa na Rusairis, wanda ashe sun koya a asirce don su raka shi. Iya ta damƙe hannuna har ya yi ciwo. Tana kuka tana cewa a hankali, ka ji ɗan banza, ka ji hannun kawunsa Garba sak. Da ya kai inda zai tsaya sai ya tsaya, bai ƙara ko ɗigo ba, ya koma cikin sahu suka ƙarasa tare.

Baba ya cika maganarsa. Bayan cira ya tafi wurin mufattish da Sani, wanda ya yi ta kuka a hanya kamar shi aka kora. Ba wanda ya ce mu bar gidan, babanku ne ya ga zaman zai yi wa kowa nauyi. Da Sinawa suka gama aikinsu suka naɗe kambo, Usta Liyu ya kawo masa arhun a cikin akwatinsa ya ce nasa ne. Ba su da harshe ɗaya, tafinta kuma ya riga ya yi gaba, don haka suka tsaya riƙe da hannun juna suna gyaɗa kai har direba ya gaji da hon. Ba mu sake jin labarin ko ɗayansu ba. Mu kuma muka hau lori zuwa Sinja kafin damina.

Ba zan ce muku ba mu sha wuya ba. Shekarun farko ɗaki ɗaya ne, rufinsa na zuba. Na yi tuyar ƙosai a bakin kasuwa har hayaƙi ya ci min ido. Kai Usman ka bar makaranta da wuri don ka taya shi a teburin nama, na san kuma har yau abin yana ranka, kuma kana da gaskiya. Akwai ranakun da na zauna na tambayi kaina ko na yi wauta. Amma buhun dawar nan da kuka saba gani yana sauka duk bayan girbi, wanda kuka ɗauka babanku ke saya, daga Sani yake zuwa, bai taɓa fashi ba ko a shekarar fari, kuma shi ya roƙa kada a gaya muku. Kun kuma tashi da uba mai wasa da dariya, wanda maƙwabta ke aiko wa 'ya'yansu don ya sasanta su. Ku ba ku san ɗayan ba, ni na san shi. Kuna tuna yadda yake jan arhu da yamma ya tsaya a tsakiya, kuna cewa ya manta? Rabonsa kawai ya koya, wurin da yake tsayawa na masu sarewa ne, yana ba su lokacinsu ne ko da ba sa nan.

Da shekaru suka ja zafin ƙasar nan ya fasa fatar mesar. Babanku ya samo fatar guza daga wani mutumin Dindir ya ɗaura da kansa, amma ba ta ɗauru da kyau ba, muryar ta dushe kamar mai mura. A wannan lokacin ne Sani ya kawo Baba Sinja a duba masa ido, suka sauka a wurinmu. Shi ne zuwansa na farko gidanmu. Idon ya riga ya tafi, likita ya ce ba abin da za a yi. Babanku ya tura akwatin can ƙarƙashin gado ya ja muku kunne. Baba ya yi kwanaki yana wasa da ku, yana shafa kawunanku yana tambayar wane ne wannan. Wata safiya muna zaune a inuwa, ba wanda ya kawo zancen, sai ya ce:

"Haruna, ɗauko abin nan in taɓa."

Babanku ya ɗauko ya miƙa masa. Baba ya shafa wuyan, ya shafa tsirkiyoyin, ya yi mamakin yadda bakan ke maƙale. Ya tambaya ko da gaske ne suna da yawa haka suna kiɗa ba wanda ake yi wa kirari. Babanku ya ce da gaske ne. Sai Baba ya ƙwanƙwasa fatar da farce, ya yamutsa fuska.

"Wa ya ɗaura wagga?"

"Ni ne, Baba."

"Ka ɓata guza. Ba ka jiƙa ta yadda ya kamata ba, kuma gefe guda ka ja. Hauwa, ɗiyata, kawo min ruwan ɗumi da wuƙa."

Ashe tun yana yaro shi ke ɗaura wa mahaifinsa fata. Ya sa aka nemo sabuwa, ya wuni a kanta, makaho, da yatsu kawai yake gani. Yana ja yana juyawa, yana sa babanku ya riƙe nan, ya saki can, yana yi masa faɗa kamar ɗan shekara goma. Ban taɓa jin sun yi magana mai tsawon ta ranar ba. Da ya gama ya miƙa masa, ya ce a ajiye a inuwa ta bushe a hankali. Ya ce kuma shi maganarsa ba ta canza ba, kunnensa ba zai ji ba, kada a kuskura a gwada sai lorinsu ya wuce Sinnar.

Suka tafi bayan 'yan kwanaki, kuma ganinmu da shi na ƙarshe ke nan. Sai a zaman makokinsa Sani yake ba mu labarin tafiyar. Ya ce tun da suka hau lori Baba bai ce uffan ba, ya ƙi ruwa, ya ƙi dabino, har Sani ya ɗauka jikin ne. Da suka yi nisa sai ya taɓa shi ya tambaya ko sun wuce Sinnar. Sani ya ce sun wuce tun ɗazu. Baba ya gyara zama, ya jingina da buhu, ya yi murmushi.

"To, yanzu yana can yana ja."